Tafiya da Kayan Hoto a Legas: Yadda Za Ka Tsare Su, da Abin Yi Idan Sun Ɓata

Kyamara ba ta cika ɓata tana hannun mai ita ba. Lokacin aiki idonka na kanta, igiyarta na wuyanka. Inda ake rasa ta shi ne inda kaya ke sauya wuri: saukowa daga motar dare da asuba jiki duk a mace, layin bincike a filin jirgin Murtala Muhammed, ta da sallah a wajen ɗaurin aure, fita daga tasi kana amsa wayar uwar amarya. A irin waɗannan 'yan daƙiƙu ne hankali ke rabuwa biyu.

Wannan bayani na masu hoto da masu bidiyo ne, waɗanda ke tahowa daga Kano ko Kaduna ko Jos sayen kaya ko yin aiki, da 'yan uwa mazauna Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago masu yawo da jaka daga wannan biki zuwa wancan. Tun farko ka raba asarar gida biyu a ranka. Akwai ƙarfe da gilashi, waɗanda kuɗi ne, komai yawansu ana sake nema. Akwai kuma hotunan da ke cikin memori, waɗanda amanar mutane ce, kuma ba wanda zai sake ɗaura aure don mai hoto ya yi ɓatan kaya. Duk shirin da ke tafe an yi shi ne don kada asarar biyu su same ka rana ɗaya.

Aikin da ake gamawa tun a gida

Ware awa ɗaya ka shimfiɗa duk kayanka. Kowace kyamara tana da lambar siriyal a ƙasanta, kusa da ramin da ake ɗaura ta a kan abin nan mai ƙafa uku da ake kafa ta a kai, wasu kuma a bayan allon nan mai juyawa. Ta lens tana jikin gangarsa ko a kan ƙarfen bakin da ke shiga kyamara, sau da yawa baƙi a kan baƙi, sai ka haska da tocila ta gefe kafin ta karantu. Filasha, makirufo, gimbal (marikin da ke hana kyamara girgiza) da laftof duk suna da tasu. Ta waya kuwa, danna *#06# lambar shaidarta, wato IMEI, za ta fito.

Rubuta sunan kowane abu, samfurinsa, lambarsa, ranar saye, farashi da shagon da ka saya. Sannan ɗauki hoton kowanne ta yadda lambar ta fito sarai, ka ɗauki hoton rasidinsa. Dalili biyu ne. Takardar da ke manne a ƙasan kyamara gumi da gugar farantin ƙafa suna cinye ta, rasidin inji kuma yakan kode cikin 'yan watanni ya koma farar takarda. Tura jerin zuwa imel ɗinka, ka kuma tura wa wani amintacce. Kada ya zauna a wayarka kawai, domin wanda ya ɗauke jaka sau da yawa har da wayar yake haɗawa.

Yawancinmu na hannu muke saye, kuma a nan ne ake sakaci. Rasidin da aka rubuta masa "kyamara Canon guda ɗaya" ba ya tabbatar da komai a gaban 'yan sanda. Ka tsaya sai mai shago ya rubuta samfuri da lambar siriyal da hannunsa, ya buga hatimi. Wanda ya ƙi yin haka, bar masa kayansa.

Sai alama. A cikin tsarin kyamarorin Canon da Nikon da Sony akwai wurin rubuta sunan mai hoto da haƙƙin mallaka. Sa sunanka da lambar wayarka, za su riƙa shiga cikin bayanan kowane hoto. Bayan ka goge memori, hoton farko ya zama na takarda mai ɗauke da sunanka da lambarka da alkawarin tukuici ga wanda ya tsinta. Rubuta shi da Turanci ma, don mai tsintuwa a Legas ba lallai ya iya Hausa ba. Lambar waya ta isa, adireshin gida kuwa gayyatar ɓarawo ne. Ka kuma yi wata 'yar alama da kai kaɗai ka sani, kamar ɗigon jan farce a cikin murfin batir.

Na'urorin bin sawu irin AirTag da SmartTag suna da amfani, amma ka san iyakarsu. Ba su da GPS. Suna aika sigina ne ga wayoyin da ke kusa, AirTag ga iPhone, SmartTag ga wayoyin Samsung Galaxy. A filin jirgi ko Ikeja ko Victoria Island za ka samu sahu akai-akai, a tashar da Tecno da Infinix da itel suka fi yawa kuwa ana iya yin awanni shiru. Batirinsu CR2032 ne, yana kai kimanin shekara. Kuma AirTag takan yi ƙara idan ta daɗe ba ta tare da mai ita, har ta sanar da wayar wanda ke tafe da ita. Saboda haka cusa ta cikin shafin jaka ka ɗinke, kada ka rataye ta a zif.

Shirya jaka

Jakar da aka rubuta wa sunan kamfanin kyamara ɓaro-ɓaro talla ce. Nemi jakar goyo ta talakawa, ka sa akwatin soso mai ɗaki-ɗaki a ciki, ko ka sayi irin wadda zif ɗinta ke buɗewa ta wajen bayanka. Igiyar wuya mai rubutun kamfani ma sauya ta da baƙa. Haɗa kawunan zif biyu da ƙaramin kwado. Ba zai hana mai reza ba, amma yana hana hannun da ke zamewa cikin cunkoson Oshodi.

Kowane abu ya samu ɗakinsa da ba ya canzawa, ta yadda kallo ɗaya zai nuna maka gurbin da babu kowa. Kuma ka san adadin jakunkunanka. In uku ne, uku ne: a duk hawa da duk sauka ka taɓa kowacce da hannu kana ƙirgawa kafin ka amsa wa kowa magana. Mutane na raina wannan, alhali shi ya fi komai hana mantuwa.

Raba dukiyar. In kana da kyamara biyu da mataimaki, kowa ya ɗauki ɗaya da lens ɗinta, yadda ko jaka ɗaya ta tafi za a iya ƙarasa aikin. Memorin da aka cika ba ya kwana a jakar kyamara, wurinsa aljihu mai zif na cikin riga.

Jirgin sama

Kyamara, lens, laftof, memori da batura suna shiga jirgi tare da kai. Abin da za a auna a jefa ƙarƙashin jirgi shi ne ƙafar kyamara, sandunan fitila, lema, wayoyin wuta da tufafi. Wannan ba batun tsoron sata kawai ba ne. Kamfanonin jirgi suna rubutawa a sharuɗɗansu cewa kada a sa kayan lantarki masu tsada cikin jakar awo, diyya kuma tana da iyaka. A tafiyar ƙasa da ƙasa, Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ce ke aiki, kuma daga ƙarshen Disambar 2024 iyakar diyyar kayan fasinja ɗaya ita ce SDR 1,519 (SDR ma'aunin kuɗi ne na Asusun Lamuni na Duniya), wato kusan dala 2,000. Lens ɗaya mai kyau na iya cinye wannan. Tafiyar cikin gida ma tana da tata iyakar a dokar sufurin jiragen sama ta Najeriya.

Matsalar ita ce nauyi. Kamfanoni da yawa kilo 7 suke bari a jakar hannu, wasu ƙasa da haka, don haka duba tikitinka. Lens 70-200 mai f/2.8 irin na DSLR yana kusan kilo ɗaya da rabi, 24-70 yana kusan giram 900, kyamara kusan haka, laftof kilo biyu, jakar kanta kilo ɗaya da rabi. Ka ga an gama. Rataya kyamara ɗaya a wuya, zuba batura a aljihun riga, sai a auna sauran. Ka kuma shiga jirgi da wuri. Wanda ya zo ƙarshe shi ake ce wa sama ta cika, a miƙo jaka a kai ƙasa. In hakan ta faru, zare akwatin soson da ke ciki ka tura shi ƙarƙashin kujerar gabanka, ka ba su fankon jakar.

Baturan lithium na ajiya da fawa bank haramun ne a jakar awo, saboda in suka kama wuta a can ƙasa ba mai kashewa. Ana auna wutar da batir ke riƙewa ne da Wh, kuma ƙa'idar ita ce ƙasa da Wh 100 ba ya buƙatar izini, daga 100 zuwa 160 sai da yardar kamfani kuma guda biyu kacal, sama da 160 ba ya hawa. Batirin kyamara irin LP-E6N ko NP-FZ100 bai kai Wh 20 ba. Fawa bank mai mAh 20,000 kusan Wh 74 ne. Manyan baturan fitila da na kyamarar fim su ne abin dubawa, lambar na rubuce a jikinsu. Rufe bakin kowanne da salatif don kada ya haɗu da makulli ko tsaba. In batir ya ƙetare ƙa'ida, a wajen bincike za ka bar shi, kuma wannan ma asara ce. Haka jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi: Najeriya na buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, wanda ya shigo da shi ba takarda yana iya rabuwa da shi a filin jirgi.

Wajen na'urar bincike akwai tsari. Fara tura takalmi da bel da tarkace, jakar kyamara da laftof su zama na ƙarshe. Kada ka sake su sai ka ga ƙofar da za ka bi ba kowa a gabanka. In ka tura jaka sannan na gabanka ya tsaya ana laluben aljihunsa, kayanka za su fito can gefe su yi minti biyu ko uku ba mai su. In ku biyu ne, ɗaya ya fara wucewa ya tsaya tarba. Bayan ka ƙetare, ƙirga kafin ka sa takalmi. Laftof ne aka fi mantawa a tire, domin an fitar da shi daga mazauninsa.

Motar dare da tasha

Mai tafiya tsakanin Legas da Arewa a babbar mota zai sha jin yaron mota na cewa a kawo jaka a sa a but. Jakar kyamara ba ta zuwa but. A can ana ɗora mata buhu, ruwan sama na shiga, kuma duk inda aka tsaya sauke fasinja cikin dare ana buɗewa kana barci. Ɗora ta a cinya ko tsakanin ƙafafu, ka zura ƙafa ɗaya cikin igiyarta. In ta yi girma, biyan kuɗin kujera ta biyu ya fi sauƙi a kan sayen lens.

Idan aka tsaya cin abinci ko sallah a Mokwa ko Lokoja, sauka da ita. Maƙwabcin kujera mutumin kirki ne wataƙila, amma shi ma zai sauka kama ruwa. Kada ka fito da kyamara a mota kana nuna hotuna, kada kuma ka yi waya da ƙarfi kana faɗin nawa ka kashe a kasuwar Alaba.

Mafi haɗari shi ne isowa. Mota na tsayawa da duhun asuba, 'yan dako da 'yan kamasho sun yanyame ƙofa, kowa na jan kaya. Goya jakar kyamara ta gaba kafin ka tashi daga kujera. Ɗan dako ɗaya za ka zaɓa, ya ɗauki ƙafafu da akwatin tufafi, ya yi gaba kana binsa. In gari bai waye ba, zauna cikin tasha inda akwai fitila da jama'a har a yi sallah. Aika kyamara a hannun direba kuwa, in ya zama dole, a yi ta ofishin kamfanin mota, a rubuta abin da ke ciki da lambarsa da ƙimarsa a takardar saƙo, ka ɗauki hoton kunshin da lambar motar.

Cikin gari

Gosulon Legas yana da nasa ɓarayin. A kan manyan gadoji da hanyar Apapa zuwa Oshodi, musamman da magariba da sassafe, akan leƙa motoci a fasa gilashi a zari abin da ke kan kujera. Jaka ta zauna a ƙasa, bayan kujerar direba ko ƙarƙashin ƙafarka, a rufe da wani tsumma, gilashi a ɗage, ƙofa a kulle. In za ka sa kaya a but, sa su tun daga inda ka taso. Wanda ya isa wuri sannan ya buɗe but ya ajiye jaka ya tafi, ya nuna wa duk mai kallo inda take.

Da kaya masu tsada, kira mota ta Uber ko Bolt ko wani direban da ka sani, domin akwai suna da lamba da tarihin tafiya. Duba lambar motar ta dace da ta waya kafin ka shiga. Guji tsayar da ƙaramar mota ko danfo a bakin titi da dare, nan 'yan wan cans, ɓarayin da ke shigar direba da fasinja, ke farauta. Wajen sauka, kada ka rufe ƙofa sai an buɗe but ka kwashe, sannan ka waiwaya ka duba kujera da ƙasanta.

In aka tare ka da makami, miƙa jakar. Abin da ya sa muka ce memori ya zauna a jikinka ke nan: za ka iya sakin jaka ba tare da zuciyarka ta sa ka kokawa ba.

Mai hawa kwalekwale zuwa Tarkwa Bay ko jirgin ruwan Ikorodu ya sa jakar cikin babbar leda mai kauri ya ɗaure. Kyamarar da ta faɗa ruwa kada a kunna ta: cire batir da memori nan take, a kai wa mai gyara a ranar, domin ruwan gishiri ba ya jira. Laimar Legas ma tana cin lens a hankali, fumfuna ce ke tsirowa cikin gilashi. Zuba ƙullin silika mai tsotse laima a jaka, kuma in ka fito daga ɗaki mai AC bar jakar a rufe kamar minti 20 kafin ka buɗe, don kada gilashi ya yi gumi.

Wajen biki da masauki

Ɗaurin aure a masallacin Juma'a wuri ne da kowa ke sanye da babbar riga, ba a san na gida ba a san baƙo. Ana ta da sallah, mai hoto ya jingine jaka a bango ya shiga sahu. Ajiye ta a gabanka, tsakanin ƙafafunka da wurin sujada, ko ku yi karɓa-karɓa da mataimakinka. A wajen dina kuma lokacin liƙi ne da lokacin hoton dangi, sa'ad da ka ba teburinka baya. Ɗaure jaka da siririyar sarƙar keke a ƙafar tebur kusa da mai kiɗa, inda kullum akwai mutum, ka kuma nuna wa mataimaki cewa tsaron jaka aikinsa ne, ba kallon rawa ba. Duk wanda ya zo ya ce "oga ya ce a ba ni lens", a kira oga a ji daga bakinsa. Lens ɗin da ka cire ya koma jaka a rufe zif, ko da minti ɗaya za ka yi.

A otal, kada kaya su kwana a mota. In za ka fita ka bar su, kulle jaka, ɗaure ta da sarƙa a jikin wani abu da ba ya ɗaguwa, ka tafi da memori da ma'ajiyar da ka kwafe hotuna a ciki. Kafin ka bar ɗaki duba soket, nan caja da batir ke zama.

Hotunan kansu

In kyamararka na cin memori biyu, saita ta ta riƙa rubuta kowane hoto a duka biyun. Ana gama kamu ko ɗaurin aure, zare ɗaya ka sa a aljihu. Memori huɗu masu GB 64 sun fi ɗaya mai 256 a wannan fuska, domin in ɗaya ya tafi, kashi ɗaya cikin huɗu ne ya tafi. Kafin ka kwanta a daren aiki, kwafe komai zuwa laftof da ma'ajiyar SSD, ka buɗe wasu hotuna daga farko da tsakiya da ƙarshe ka tabbatar sun kwafu, ka gwada adadin fayil. SSD ta kwana a wata jaka dabam. In akwai data, ɗora zaɓaɓɓun JPEG na ango da amarya da iyaye a Google Drive. Kada ka goge memori sai kwafi biyu sun isa gida lafiya.

Idan abin ya faru

Awa ta farko ta fi duk sauran kwanakin daraja. Tsaya ka tuna wuri na ƙarshe da ka taɓa jakar da hannunka, ka rubuta lokacin. In a motar haya ta waya ce, shiga tarihin tafiya akwai wurin neman abin da aka manta, kira direba da lafazi mai daɗi ka yi masa alkawarin kuɗin mai da na lokacinsa. Wanda aka fara da zargi ba ya ɗaga waya karo na biyu. In a tasha ce, nufi ofishin shugabannin tasha da tikitinka, sun san direba da yaransa. In fashi ne, lambobin gaggawa na Legas su ne 112 da 767. In da laftof ko waya a ciki, kulle su daga nesa, sauya kalmomin sirri, rufe layi da manhajar banki.

Otal, zauren biki da manyan shaguna suna da kyamarar tsaro, amma na'urar tana goge tsohon hoto da kanta, wasu cikin mako ɗaya ko biyu. Nemi manaja a ranar, ka ba shi lokaci da wuri a rubuce, ka roƙi a kwafe wannan yankin. In ya ce sai da 'yan sanda, to aƙalla ya adana.

In jakar awo ce ba ta fito ba, ko ta fito a farke, kada ka bar zauren karɓar kaya. Je teburin kamfanin jirgin ka cike takardar ƙorafin kaya da ake kira PIR, ka karɓi kwafi da lambar bibiya, ka adana tikitin shiga da 'yar takardar kaya da aka manna maka. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal, ƙorafin lalacewa dole ya isa a rubuce cikin kwana 7, na jinkiri cikin kwana 21 daga ranar da aka ba ka jakar, jakar da ta kwana 21 ba ta zo ba kuma ana ɗaukar ta ɓatacciya. In kamfani ya yi shiru, NCAA tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a filin jirgi. Abin da aka manta a zaure ko wajen bincike kuwa, jami'an tsaron filin ake tambaya, kuma ka faɗi wane ɓangare ne, domin na ƙasa da ƙasa dabam, sabon na cikin gida, MMA2, dabam, tsohon na cikin gida dabam.

Rahoton 'yan sanda ana kai shi ofishin da ke kula da yankin da abin ya faru, ba na unguwarku ba. Tafi da jerin kaya a buge, da kwafin rasidai. Tabbatar lambobin siriyal sun shiga cikin bayaninka, karanta kafin ka sa hannu, karɓi suna da lambar jami'in da aka ba binciken, ka nemi takardar shaidar rahoto. Za ka iya buƙatar takardar rantsuwa daga kotu. Faɗi abin da ya faru yadda ya faru: mantuwa mantuwa ce, sata sata ce, bayanin da ya sauya daga baya shi ke rusa neman diyya.

In ba ka taɓa rubuta lambar ba, duba kwalin kyamara da katin garanti. Yawancin kyamarorin Canon da Nikon kuma suna rubuta ta cikin bayanan EXIF, wato bayanan da ke ɓoye cikin fayil ɗin kowane hoto, don haka buɗe wani tsohon hoto na asali da manhajar ExifTool. Wanda ya bi ta Facebook ko aka tura shi a WhatsApp a matsayin hoto an riga an share masa wannan bayani.

Kayan sata kasuwa suke nema. Kai jerin ga masu gyara da masu sayar da kyamara a Computer Village da Alaba da cikin tsibirin Legas, da shugabannin ƙungiyoyinsu. Ɗan kasuwar kirki ba ya son kayan da za su jawo masa 'yan sanda. Sanar a zaurukan WhatsApp na masu hoto na Legas da na Arewa, domin kaya na iya kwana a Kano kafin ka gama zirga-zirga. Riƙa leƙa shafin saye da sayarwa na Jiji da kasuwar Facebook na tsawon makonni, ka nemi lens dabam kyamara dabam, don raba su ake yi. In a unguwar 'yan Arewa abin ya faru, kai cigiya fadar Sarkin Hausawa da masallaci, tsintuwa takan koma can.

A sanarwar da kowa zai gani, ɓoye lambobi uku na ƙarshe. Za a kira ka a ce an tsinci kayanka, turo kuɗin mota. Ce ya karanto maka ƙarshen lambar, ko ya faɗi abin da ke cikin murfin batir. In ka ga kayanka a talla, ɗauki hoton shafin, yi ciniki kamar mai saye, nemi hoton ƙasan kyamarar, sannan ka tafi da jami'in da ke riƙe da ƙararka. Ko AirTag ta nuna maka gida, kada ka shiga kai kaɗai. Kuma don Allah kada ka yi wa kowa ihun ɓarawo a kan zato. Taron Legas ba ya tsayawa bincike, kuma wanda kaya ke hannunsa wataƙila shi ma saye ya yi.

Inshora da haƙƙin mutane

Mai kayan miliyoyi ya kamata ya yi inshorar kayan aiki, kuma akwai kamfanonin takaful masu lasisin hukumar kula da inshora, NAICOM, ga wanda ke son tsarin Musulunci. Kafin ka biya, tambayi abu huɗu a rubuce: ko ta shafi kayan da aka sace a motar da ba kowa, ko ta shafi ɓata ba tare da fasa ƙofa ba, ko farashin sabo za a biya ko na tsoho, da kwana nawa kake da su ka kai rahoto. Da yadda farashi ke tashi, sabunta ƙimar kayan duk shekara, in ba haka ba abin da za a ba ka ba zai sayi rabinsu ba.

Kayan haya ko na aro, a rubuta yarjejeniya kafin a ɗauka: lambobi, ƙima, da wanda zai biya in sun salwanta. In sun ɓata, mai su ya ji daga bakinka a ranar.

Haka masu biki. In hotuna sun tafi, je da ƙafarka ka sami Alhaji ko Hajiyar da ta ba ka aikin, ka faɗi abin da ya rage da abin da ya tafi, ka nuna takardar 'yan sanda, ku daidaita kan kuɗin da za a mayar. Sannan ka shiga ceto abin da zai cetu tun mutane ba su goge ba: mai bidiyo zai iya ciro hotuna daga faifansa, mai kwalliya tana da na amarya, ƙawaye da abokan ango wayoyinsu cike suke. In kayan bikin na nan, shirya wa ango da amarya sabon zama kyauta. Duk wanda zai turo hoto ta WhatsApp, ce masa ya turo shi a matsayin fayil, domin in ya turo a matsayin hoto manhajar za ta matse shi har ya kasa bugawa a babban allo.